Kafin ka datse bonsai, ka san wace bishiya ce

Jama'a, duk wanda aka ba bonsai (wato 'yar ƙaramar bishiya da ake raino a tukunya) babu suna, kada ya yi gaggawar datse shi ko sauya masa tukunya. Fara tsinke ganye ɗaya tukuna.

Idan farin ruwa kamar madara ya tsatso, galibi dangin ɓaure ne, wato fikus. Wannan yana jure zaman ɗaki, muddin yana kusa da taga mai haske.

Idan ganyen sirara ne masu tsini, ko ƙananan ɓawo-ɓawo, mai yiwuwa junifa ne. Fitar da shi waje. A ɗaki a hankali yake mutuwa, kuma yana daɗewa da korensa bayan saiwar ta lalace, shi ya sa mutane ba sa lura da wuri.

Ganye mai kauri da ruwa a ciki kuwa, rage ban ruwa.

Kada ka sa wa shayarwa ranaku. Tura yatsa cikin ƙasar, in saman ya bushe ka zuba har ya fito ta ƙasan tukunya. In an manne tsakuwa da gam a sama, cire su.

Amma fa ba fikus kaɗai ke fitar da farin ruwa ba, wasu ma nasu guba ne. Wanke hannunka, sannan ka ɗauki hoton ganye da ɓawon jikin ka nuna wa masu rainon tsirrai.