Yadda ake saita fiyano ya dace da murya da goge a situdiyo

A yawancin situdiyoyin Garwa da Marwa da Ngaundere a arewacin Kamaru, kiɗan waƙoƙin zamani daga fiyanon Yamaha ko Korg yake fitowa, ko kuma daga manhajar FL Studio a kwamfuta. Nakan ji waƙa mai kyawun baiti amma kunne ya kasa natsuwa da ita, sai a ɗora wa mawaƙi laifi, alhali kuwa saitin kayan kiɗan ne bai daidaita ba.

Kafin a taɓa kowane maɓalli, ya kamata a san yadda fiyano yake lissafin sauti. Sautukan fiyano suna da sunaye (do, re, mi, fa, sol, la, si), kuma daga do zuwa do na gaba zango ɗaya ne, inda girgizar sauti take ninkawa biyu, kuma an raba wannan zango taki 12 daidai wa daida, kowane taki santi 100 (santi shi ne ma'aunin ƙaramar tazara tsakanin sautuka), jimilla santi 1200. Wani masani ɗan ƙasar Sin mai suna Zhu Zaiyu ya fitar da lissafin wannan rabo tun a 1584. Amfaninsa shi ne makaɗi yana iya ɗaga waƙa ko sauke ta zuwa inda muryar mawaƙi take so ba tare da tsarinta ya lalace ba. Sai dai akwai abin da aka sadaukar: tazarar do zuwa sol santi 700 ce a fiyano, a sauti na asali kuwa kusan 702 ce, wanda ba kowa zai lura ba, amma tazarar do zuwa mi santi 400 ce a maimakon 386, kuma wannan bambanci na santi 14 kunne mai horo yana jin sa sarai.

Aikin farko shi ne a tabbatar duk kayan suna kan ma'auni ɗaya. A shiga babban saitin fiyano a duba ko sautin la yana kan girgiza 440 a daƙiƙa, ma'aunin da aka mayar na duniya a 1975, sannan a duba haka a kowace manhajar sauti da ke kwamfuta. Fiyanon da aka ara ko aka saya na hannu yana iya zuwa a kan 442, wato sama da kusan santi 8. Gwajin yana da sauƙi: a danna la a na'urorin biyu lokaci guda, idan aka ji sautin yana rawa sau biyu a daƙiƙa, to akwai saɓani, a yi ta gyarawa har rawar ta tsaya. A kuma tabbatar ƙaramar tayar da ke hagun fiyano, wadda take ɗaga sauti ko sauke shi, ta koma tsakiya, domin ƙurar hunturu takan sa ta maƙale.

A kula da adadin ɗaukar sauti, wato sau nawa na'ura take auna sauti a daƙiƙa yayin ɗauka. Abin da aka ɗauka a kan 44,100 idan aka kunna shi a kan 48,000 ba tare da juyawa ba, yakan tashi da kusan taki ɗaya da rabi.

Inda aikin yake buƙatar haƙuri shi ne idan an gayyato mai goge ko mai algaita. Waɗannan kayan ba a gina su kan taki 12 ba, yawancin kiɗanmu na gargajiya kan sautuka biyar yake tafiya, kuma kowane makaɗi da inda yake ajiye yatsansa. Ga fatar goge tana bin yanayi, takan ɗaure da zafin watan Maris da Afrilu na Garwa, ta saki da damina. A ganina, na'ura ce ya kamata ta bi makaɗi. A bar shi ya zauna a ɗakin kamar minti goma sha biyar kayansa su saba da iskar wurin, a ɗauki sautukansa ɗaya bayan ɗaya, a auna kowanne da manhajar auna sauti ta waya, a rubuta yawan santin da ya ɗara ko ya gaza na fiyano. Daga nan a shiga saitin kowane sauti, wanda yake cikin manyan fiyanon Yamaha PSR da Korg Pa, a matsar da waɗannan biyar ɗin su sauka inda gogen yake, a adana saitin da sunan waƙar.

Haka ma Auto-Tune, manhajar gyara sautin murya, wanda kamfanin Antares ya fitar a 1997. Idan aka bar shi a kan duka taki 12 da saurin gyara mafi tsanani, zai riƙa fizgar murya zuwa sautin da ba ya cikin waƙar, ya kuma goge lanƙwasar da mawaƙin Hausa yake ƙawata ƙarshen baiti da ita. A zaɓa masa sautukan waƙar kaɗai, a rage saurinsa, sannan a saurari jagora da 'yan amshi tare a ƙaramar lasifika irin ta waya, domin a nan mafi yawan mutane za su ji waƙar.