Darasi na 7: Jama'a na ƙaruwa, gona tana nan yadda take

A karanta wannan darasi da ƙarfi, kowa ya ɗauki sakin layi ɗaya.

A shekarar 1950 mutanen duniya ba su wuce biliyan 2 da rabi ba. Ranar 15 ga Nuwamba, 2022, Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce mun cika biliyan 8. Lokacin da Nijar ta sami 'yancin kai a 1960, jama'arta miliyan 3 ne da 'yan kai. Ƙidayar 2012 ta nuna sun haura miliyan 17. A Najeriya, ƙidayar 2006 ta ba da miliyan 140, yau kuwa ana ƙiyasin an wuce miliyan 200.

Ba sai mun je da nisa ba. Ku tuna gandun kakanku. Gida nawa ne ke ci daga cikinsa yanzu? Da, idan gona ta gaji sai a bar ta saura, ta huta shekaru, a sari sabon daji. Yau dajin ya ƙare, babu mai iya barin gona ta huta ko damina ɗaya. Itacen girki ya yi nisa, har ta kai mata na hura wuta da kara da kashin shanu, abubuwan da ya kamata su ruɓe a gona su zama taki. Burtali ya matse, rigimar manomi da makiyayi ta yawaita. Maganar tazarar haihuwa tana da nata darasin, malamar asibiti za ta zo mu yi shi tare. Na yau a kan abin da gatari da adda za su iya ne.

Abin da ya faru a Maraɗi

Bayan farin 1973, gonakin Maraɗi sun zama fili fetal. Iska kan binne shuka da rairayi, manomi ya yi ta maimaita shuka. An kashe kuɗi mai yawa wajen dashen itatuwa, amma akasarinsu suka mutu: wasu ƙishirwa, wasu gara, wasu awaki.

A 1983 wani masanin aikin gona ɗan ƙasar Ostireliya, Tony Rinaudo, ya lura da wani abu da kowa ke takawa yana wucewa. Ƙananan tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne daga kututturen itatuwan da aka sare tuntuni. Saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa, ta riga ta kai ga laima. Ke nan babu buƙatar dashe ko ban ruwa, gyara kawai suke jira. Wannan dabara ita ake kira sassaben zamani.

Kada ku ɗauka jama'a sun karɓe ta hannu bibbiyu. An yi wa na farko dariya, ana cewa ƙazaman manoma ne, don a lokacin gonar kirki ita ce wadda aka share tas. A yunwar 1984 mutane da dama sun bar itatuwa saboda ana ba su abinci a kan haka, da abincin ya tsaya suka sare mafi yawansu. Amma waɗanda suka bar nasu sun ga bambanci, maƙwabta kuma suna da ido. Akwai wani dalilin da ba a cika faɗa ba, kuma a ganina shi ne babba. A da doka ta mai da itace na gwamnati, ma'aikacin gandun daji na iya cin tararka a kan itacen da ke tsakiyar gonarka. Wa zai yi renon abin da ba nasa ba? Da aka sassauta, manomi ya tabbata itacen nasa ne, sai aikin ya bazu. Masu bincike sun ƙiyasta itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta miliyan 5, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram, wato inda jama'a suka fi cunkoso.

Yadda ake yi

Kafin sharar gona, zaga gonarka ka ga kututturen da ke toho. Za ka tarar da sabara, kalgo, geza, magarya, aduwa, wani lokaci gawo. A kowane kututture zaɓi rassa masu ƙarfi, miƙaƙƙu, daga 1 zuwa 5, ka sare sauran. Waɗanda ka bari, ka rage musu ƙananan rassan gefe daga ƙasa zuwa rabin tsawonsu. Kar ka aske su duka, za su yi laushi iska ta karya su.

Addarka ta kasance mai kaifi, kuma ka yi sara daga ƙasa zuwa sama. Saran da ya sauko daga sama yana ɓare ɓawo, ciwo ya shiga. Ɗaura tsumma a jikin rassan da ka bari don mai neman itace ya san da mai shi. Bayan 'yan watanni ka koma, ka cire sabon tohon da ya fito. Abin da ka cire na murhu ne, ganyen na dabbobi.

Idan ka sami gawo, riƙe shi da kyau. Yana zubar da ganye da damina, don haka inuwarsa ba ta hana gero girma, ganyen kuma taki ne. Da rani ya yi kore, dabbobi su sha inuwa, su ci 'ya'yansa, su bar kashi a wurin.

Mutum ɗaya ba ya iya tsare itace. Idan kai ka bari, wani ya zo da dare ya sare, aikin banza ne. A Dan Saga, cikin yankin Agye na jihar Maraɗi, mutanen gari sun kafa kwamiti da maza da mata da Fulani makiyaya, suka sa dokar sara da tarar wanda ya karya ta. Ku kai wa mai gari wannan magana kafin damina.

Aikin aji

1. Wani magidanci yana da gona hekta 12. Gida 4 suka raba ta daidai. Daga baya kowane gida ya rabu 3. Hekta nawa kowa ya samu?

2. Idan ka bar kututture 40 a hekta ɗaya, nawa za ka bari a hekta 3?

3. Rubuta sunayen itatuwa 5 da ka sani a ƙuruciya waɗanda yanzu ba ka ganinsu a garinku.

Aikin gida: maza su ƙirga kututturen da ke toho a gonarsu. Mata su lissafa kuɗi ko lokacin da itacen girki ke cin musu a mako. A rubuta a littafi, a zo da shi darasi na gaba.