Yadda za ka hana kiran WhatsApp yankewa in mutanen gida sun hau waifai

Kana cikin kira murya ta dinga kakkatsewa, ka ɗauka netwok ne, ashe wani ne a ɗaki ke tura bidiyo ko wayarsa na loda hotuna Google Photos. Layin ne ya cushe, ita kuma rautar, wato na'urar da ke raba waifai, ba ta san wa za ta fara sallama ba. Aikin QoS kenan, wani saiti ne a cikin rautar inda za ka gaya mata wa ke gaba.

Don shiga saitin rautar, buɗe burauza ka rubuta 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, in Huawei ce galibi 192.168.8.1 ne, adireshin da fasiwod suna kan sitikar da ke jikinta. Fara duba saitin da ake kira WMM ka tabbata a kunne yake. Shi ke raba data gida 4, murya, bidiyo, na yau da kullum, sai na baya irin daunlodin, kuma murya ce ta fi ƙarancin jira. Don Allah kar ka kashe shi, akwai masu kashewa wai don gudu ya ƙaru alhali a rautoci da yawa kana kashe shi gudun zai sauko ya koma 54 Mbps.

To amma WMM tsakanin waya da rauta kawai yake aiki, ainihin cunkoson yana bakin fita zuwa intanet, musamman wajen turawa, wato tura data daga waya zuwa intanet, nan ne mutane ke kuskure. In ka shiga QoS za ta tambayi gudun layinka, kar ka sa lambar da kamfani ya rubuta a talla. Auna da kanka a fast.com lokacin da ba kowa a kai, ka auna da safe ka sake bayan isha'i tunda 4G ba ya zama wuri ɗaya, ka ɗauki ƙaramar lambar ka sa kashi 85 zuwa 90 nata, wato in turawa ta ba ka 10 sai ka rubuta 9. Wannan ɗan ragin shi ke sa jerin gwanon ya tsaya cikin rautarka inda take da ikon tsarawa, in ba haka ba can wajen kamfani zai taru kuma saitinka ya tashi a banza.

Sai ka zaɓi na'urar da za a fifita, ɗaya ko biyu, kwamfutar aiki ko wayar POS in shago ne. In ka fifita kowa ba ka fifita kowa ba. Baƙi kuma buɗe musu nasu waifai daban ka ƙayyade gudunsa.

Ka adana saitin, ka sa wani ya tura babban bidiyo kai kuma ka yi kira. In har yanzu tana yankewa rage lambar turawa kaɗan ka sake gwadawa.