Yadda ake zana tafkin dam da kwazazzabo a kan tayil ɗin yumɓu

Hoton ruwa kwance tsakanin duwatsu yana cikin abubuwan da suka fi dacewa da tayil. Ruwa na son sheƙi, dutse na son kaushi, kuma yumɓu da wuta suna iya ba da duka biyun a allo ɗaya. Ga shi babu mutum babu dabba a ciki, don haka yana shiga falo ko zaure ba tare da wata gardama ba.

Wanda ke Abuja ba ya buƙatar neman samfuri daga nesa. Dam ɗin Usuma na nan kusa da Ushafa a yankin Bwari, tsaunuka kewaye da shi. Mai son kwazazzabo sosai ya dubi Shiroro a jihar Neja, inda aka tare Kogin Kaduna a matsatsin dutse, tashar lantarkinta mai megawat 600 ta fara aiki a 1990. A Filato kuwa akwai Kurra Falls da tafkunan da haƙar kuza ta bari, masu jar gaɓa a tsaye. Ka ɗauki hoton da safe ko bayan la'asar. Hoton tsakar rana ba ya da inuwa, dutse ya fito kamar tulin ƙasa.

Lissafin da ke ƙasa na allo ne mai tayil 24, shida a kwance huɗu a tsaye, kowanne santimita 15, wato wajen santimita 90 da 60.

Zane kafin yumɓu

Zana hoton a takarda daidai girman allon, ka ja layukan da tayil za su haɗu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne barin bakin ruwa ya faɗa daidai kan mahaɗar tayil. In haka ta faru, simintin cike tsaga ya haɗiye layin da ya fi kowanne muhimmanci a hoton. Ɗaga shi ko sauke shi da santimita uku zuwa huɗu. Haka ma bangon dam da ƙololuwar dutse, kada su zauna a kusurwar da tayil huɗu suka haɗu.

Rage hoton zuwa fili-fili masu iyaka: sama, tsaunukan nesa, bangon kwazazzabo, ruwa, duwatsun gaba. Launi bakwai ko takwas sun isa. Abin nesa ya zama fari-fari mai ɗan shuɗi, na kusa ya yi duhu. Kada ka manta da farin zoben da ke bakin kowane tafkin dam a ƙarshen rani, inda ruwa ya janye ya bar shaidarsa a jikin dutse. Wannan siririn layi shi ke nuna wa mai kallo cewa dam ne, ba kududdufi ba.

Buga tayil

Jan yumɓun da masu tukwane ke aiki da shi ya wadatar, amma shi kaɗai yana lanƙwashewa. Haɗa kashi huɗu na yumɓu da kashi ɗaya na garin tsingaro, wato fasasshiyar tukunya da aka daka aka tankaɗe da rariya mai idon milimita ɗaya. Tanadi kilo 25, domin tayil 30 za ka buga. Shidan na asara ne da gwaji, kuma za ka buƙace su.

Yumɓu na tsukewa, kowanne da nasa gwargwado. Yi ɗan sanda, ja layin santimita 10 a jikinsa yana danye, busar, gasa, sake aunawa. In ya dawo 9.1, to sai ka yanka tayil ɗinka 16.5 domin ya fito 15. Ajiye katako biyu masu kaurin santimita 1.2 a gefe da gefe, ka murje yumɓun a tsakaninsu da bututu mai nauyi, kana juya shi kana sauya fuskar murzawa. Wanda ya murza ta fuska ɗaya kawai zai ga tayil ya fi tsukewa ta ɓangare guda. Kada ka ɗaga danyen tayil da yatsu ta gefe. Yumɓu ba ya mantuwa: lanƙwasar da ka miƙe yau za ta dawo a cikin wuta. Zame shi a kan allo.

Da ya yi tauri kamar sabulu, kife shi ka karta ramuka a bayansa don gam ya kama, ka rubuta masa lamba da ƙusa, A1, A2, har D6. Fensir ƙonewa yake yi.

Busarwa a tsakanin alluna biyu na jifsam irin na silin, ana juyawa kullum, kwana goma zuwa sha huɗu. Da hunturu, musamman a Jos, iska na shanye gefuna tun tsakiya na jiƙe, sai kusurwoyi su ɗaga ko su tsage, don haka a lulluɓe da leda a kwanakin farko. Da damina kuwa haƙuri kawai ake yi. In ka kara tayil a kumatu ka ji sanyi, da sauran ruwa.

Gashin farko: awa uku na farko kada zafi ya wuce digiri 200 a ma'aunin Celsius, ƙofar tanderu a ɗan buɗe don tururi ya fita. Daga nan digiri 100 a awa har a wuce 600, saboda a 573 ƙwayoyin ma'adinin yashi da ke cikin yumɓu suna kumbura farat ɗaya. Sai a kai 1060.

Layin da ke tsare launi

Ruwan sheƙi, wato haɗin da ake sa wa tayil ya zama gilas a wuta, in ya narke gudu yake yi, shuɗin ruwa ya kutsa cikin jan dutse. Maganinsa tsohuwar dabara ce da aka yi aiki da ita a Andalus da Farisa, Sifaniyawa na kiranta cuerda seca, wato busasshiyar igiya. Ana jan baƙin layi mai maiƙo a iyakar kowane launi. Ruwan sheƙi da ruwa ake dama shi, ba ya hawa kan mai, sai ya tsaya a gefensa. A wuta man ya ƙone, baƙin layi ya rage.

Don farawa, cokali uku na garin manganis, wani baƙin ma'adini, cokali ɗaya na garin gilas ɗin da masu sana'ar ke kira firit, a dama da man linsid, wanda masu fenti ke aiki da shi, har ya yi kaurin tawadar allo mai kyau. Jera tayil duka a ƙasa bisa lambobinsu, kwafi zanen da takardar kabon, ka bi shi da siririn burushi, faɗin layi milimita biyu. Layi ya tsallaka daga tayil zuwa maƙwabcinsa suna jere, ba ɗaya bayan ɗaya ba, in ba haka ba gaɓar ruwa za ta fito da tsani-tsani. Bar shi kwana ɗaya ya bushe. Sa takunkumi duk lokacin da kake auna gari, ƙurar manganis da ta silika, wato ma'adinin yashi, suna illa ga jiki.

Launuka

Tushen ruwan sheƙi: firit mara dalma kashi 85, farin yumɓu kawolin kashi 15. Kawolin ba ya wuya, Filato na da shi. A kan giram 100 na busasshen tushe ake lissafin launi. Kobal rabin giram zuwa giram ɗaya yana ba da shuɗi, kuma yana da ƙarfi ƙwarai, giram biyu ya koma kamar baba. Kabonet na tagulla giram biyu zuwa uku yana ba da kore mai shuɗi-shuɗi. Jan garin ƙarfe giram uku kalar zuma, takwas kalar ƙasa mai duhu. Zirkon giram goma yana sa fari mai rufe abin da ke ƙasa.

Zirkon ɗin nan ba na ado ba ne. Shuɗi mai garai-garai a kan jan yumɓu laka yake komawa. Sama da ruwa dole a sa musu zirkon, ko a shafa farin kunun yumɓu a wurarensu tun tayil na danye.

Amma jan yumɓun nan shi ne arzikin bangon kwazazzabo, kuma a ganinmu ɓarna ce a rufe shi da fenti. Bar shi tsirara. Dama garin ƙarfe da manganis da ruwa tsararo, shafa, ka goge da soso mai ɗanshi: duhun ya maƙale a ramuka, tudun ya fito ja. In tun yana danye ka danna masa ɓallin dutse ko ka karce shi da tsinken tsintsiya daga sama zuwa ƙasa, za ka sami irin baƙaƙen zirin da ruwan sama ke bari a jikin duwatsun Abuja.

Ruwa kuma kada ka yi shi shuɗi ɗaya daga gaɓa zuwa gaɓa, zai zama kamar ledar shimfiɗa. Ruwan dam a nan ya fi karkata ga kore, da damina ma ja-ja ne. Raba shi gida uku: mai haske a nesa inda yake ɗaukar sama, kore a tsakiya, mai duhu a gindin dutse inda inuwa ta faɗa. Duk iyakokin cikin ruwa su kwanta a miƙe. Da layi ɗaya ya karkace, sai a ga tafkin kamar zai zube daga allon.

Ba a shafa ruwan sheƙin nan da burushi kamar fenti. A dama shi ya yi kaurin kindirmo da aka buga, a tace, a ɗiga da sirinji marar allura, a tura shi har bakin layi, kaurin milimita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kafin gashi yawancin launukan toka-toka ne, kobal ma ba shuɗi yake ba, ido ba zai gaya maka komai ba. Saboda haka ne ake fara gasa tayil biyu na gwaji ɗauke da kowane launi da lambarsa. Cibiyar tukwane ta Suleja, wadda Baturen Ingila mai tukwane Michael Cardew ya kafa a farkon shekarun 1950 kuma Ladi Kwali ta shiga a 1954, da tokar itace da garin dutsen yankin ta riƙa haɗa ruwan sheƙinta, kuma irin wannan haɗi sai da gwaji ake sanin abin da zai bayar.

Gashi na biyu da abin da ke lalacewa

Goge gefe da bayan kowane tayil tas, ɗigo ɗaya ya isa ya manne shi da kantar tanderu. A kwance ake gasawa, zuwa digiri 1030, a riƙe minti goma sha biyar. Tayil ɗin sama duka a kanta ɗaya, na ruwa a ɗaya, domin saman tanderu da ƙasansa ba zafinsu ɗaya ba, kuma bambancin digiri ashirin na nunawa a shuɗi. Tanderun gas ya fi kwanciyar hankali inda wuta ke ɗaukewa. Kada a buɗe sai zafi ya sauka ƙasa da 100.

In sheƙi ya tattare ya bar fili tsirara, ƙura ce ko maiƙon hannu, ko ya yi kauri da yawa. Ƙananan huji kamar na allura na nuna an gaggauta gashin farko, iska ba ta gama fita ba. Tsattsagewa kamar gizo-gizo kuwa sheƙin ne ya fi yumɓun tsukewa wajen hucewa, ƙara silika giram biyar a tushe ka sake gwaji.

Kafawa

Tayil ɗin wannan zafi yana shan ruwa, don haka wurinsa cikin ɗaki ko ƙarƙashin rumfa, ba katangar da ruwan Agusta ke duka ba. Tayil 24 sun kai kilo 11, a manna su a allon siminti da gam ɗin tayil, a bar tsagar milimita uku. Kafin cike tsaga a shafa wa jan dutsen da ba shi da sheƙi man kariya, in ba haka ba siminti ya shiga ramukansa ya ƙi fita. Bayan awa 24 a cike da mai launin toka mai duhu ko kalar ƙasa. Farin siminti yana yanka hoton gida 24, ido ya riƙa ganin raga maimakon tafki.