Yadda ake zaɓen na'urar gano ɓoyayyar kyamara, da yadda ake gwada ta kafin a ba ta amana

Sana'ata saka kyamarorin tsaro ce da gyaran waya a nan Zariya. A 'yan shekarun nan da wuya wata ya ƙare wani bai shigo shagona da ɗan kwali a hannu ba, yana cewa, "Malam, duba min abin nan, tun jiya yake ta ihu." Wani lokaci ɗaliba ce da ta kama ɗaki a Samaru hankalinta bai kwanta da shi ba, wani lokaci ɗan kasuwa ne daga Sabon Gari da yake ganin maganar da ya yi a ofis tana riga shi fita waje. Duk sun sayi na'urar gano ɓoyayyar kyamara, kuma kusan dukansu a rami ɗaya suke faɗawa. In ta yi ƙara sai su ce akwai abu, in ta yi shiru sai su ce babu. Ko ɗaya daga cikin biyun ba hujja ba ce.

Tsoron da suke ji yana da tushe. A shekarar 2019 'yan sandan Koriya ta Kudu sun kama mutanen da suka dasa kyamarori a otal-otal 30, suna watsa bidiyon baƙi kimanin 1,600 kai tsaye a intanet ga masu biyan kuɗi. A cikin dikodar talabijin suka ɓoye su, da soket na bango, da wurin rataye na'urar busar da gashi. A 2024 kuma kamfanin Airbnb ya hana masu ba da hayar gidaje saka kowace irin kyamara a cikin ɗakuna. Yau irin waɗannan kyamarori ana sayar da su cikin kan caja, da agogon bango, da biro, da ƙwan lantarki, kuma kuɗinsu bai kai na waya mai kyau ba.

Mataki na farko: san abin da ke cikin kwalin

Ƙananan na'urorin da ke shigowa daga ƙasar Sin, irin su K18 da CC308, aiki biyu ko uku aka haɗa a jiki ɗaya. Akwai ɓangaren da ke jin duk abin da ke aika saƙo ta iska, shi ne mai eriya da ƙara. Akwai jajayen fitilu kewaye da 'yar taga da ake leƙawa, su ne masu nemo idon kyamara. Wasu kuma suna da ɓangaren jin maganaɗisu, saboda na'urorin bin diddigi da ake mannawa a ƙarƙashin mota.

Ka juya kwalin ka duba zangon igiyar rediyo da na'urar ta ce tana ji. Waifai yana aiki a gigahaz 2.4 da kuma 5, Bluetooth a 2.4, layukan wayarmu kuma a megahaz 900 da 1800, da 2100 na 3G. Duk wadda ba ta kai gigahaz 6 ba, mayar wa mai shago kayansa, domin kyamarar da ke kan waifai na 5 za ta wuce ta gabanta ba ta sani ba.

Kada ka sayi wadda ba ta da abin murɗawa na rage ƙarfin ji da ƙara shi. Ni a wurina wannan doka ce. Masu maɓalli biyu kawai, ɗaya na sama ɗaya na ƙasa, ba sa barin ka ka matse bincike har ka isa kan abu. Ta kasance tana da jerin fitilu masu nuna hawa da sauka, kuma ana iya kashe ƙarar a bar ta tana jijjiga, saboda in abin saurare ne a ɗakin, ihun na'urarka zai sanar da mai shi cewa ka farga. Manhajojin waya da ke cewa suna gano kyamara kuwa, kada ka ɓata datarka a kansu. Yawancinsu maganaɗisu suke aunawa, ko lasifika ka kusanta ko ƙarfen gado za su nuna ja.

Mataki na biyu: gwaji

A nan ne ni kaina na taɓa faɗuwa, shi ya sa zan daɗe a kai.

Wani alhaji ya taɓa kirana ofishinsa, ya ce yana zargin ana ɗaukar abin da ke faruwa a ciki. Da rana tsaka na je, tagogi a buɗe, ina sauri saboda wani aiki yana jirana a Kwangila. Na zagaya ɗakin da eriya sau biyu, na'ura ta yi tsit. Jajayen fitilun ban ko kunna su ba. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, babu komai." Bayan wasu makonni yaronsa ya kawo mini wani baƙin kan caja da ke jikin ekstenshin ɗin teburinsa, wai ba ya cika waya da kyau. Da na kwance shi sai ga memori a ciki, ga ɗan ido ƙarami kamar kan allura a bayan baƙin gilashin gabansa. Alhaji ya kira ni ya ce, "Malam, ba kai ka ce min babu komai ba?" Na ce, "Ni na faɗa, ranka ya daɗe." Mutumin nan ya ci gaba da sirrinsa a ɗakin saboda maganata, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Na'urar ba ta yi ƙarya ba. Kyamarar a memori take ajiye abin da ta ɗauka, ba ta aika komai ta iska, to eriya me za ta ji? Haka abin saurare mai layin waya a ciki yake, yana kwance shiru sai mai shi ya buga masa ko ya ji motsin murya sannan ya farka. Wannan dabara ba sabuwa ba ce. A 1945 yaran Tarayyar Sobiyet sun ba jakadan Amurka a Masko, Averell Harriman, kyautar tambarin Amurka da aka sassaƙa da katako. An rataye shi a gidan jakadan har zuwa 1952 kafin a gane akwai abin saurare a ciki. Ba shi da batir, ba ya aika komai sai an harbo masa igiyar rediyo daga waje.

Saboda haka, tun a shagon mai sayarwa ka fara gwaji, kafin kuɗi ya bar aljihunka. Kunna na'urar, ka kira wani da wayarka, ka kusanto da wayar kusa da eriya. Fitilu su hau. Katse kiran ka sa wayar a yanayin jirgin sama, fitilu su sauka. In ta ci gaba da ihu kamar ba abin da ya canza, ko murɗawa ba ta rage mata komai, ba ta da amfani.

In ka isa gida ka ci gaba. Kunna waifai na wayarka, ka haɗa wata wayar da shi ana kallon bidiyo, sannan ka rinƙa ja da baya kana ƙirga taku har inda na'urar ta daina ji. In kana da MiFi ko rauta mai zangon gigahaz 5, gwada shi daban, a nan ne na'urori da yawa ke jin kunya duk da abin da aka rubuta a kwali. Sai ka gwada abin sauraron kunne na Bluetooth yana cikin aiki. Shi ne mafi rauni, kuma za ka ga wata sai ta zo taku ɗaya ko biyu kafin ta motsa. Rubuta waɗannan nisan a jikin kwalin da biro. Su ne ainihin ƙarfin na'urarka, kuma su za su gaya maka yadda za ka rinƙa kusantar bango da kaya in kana bincike.

Gwajin jajayen fitilu ya fi kowanne muhimmanci, kuma shi mutane suka fi tsallakewa. Da dare, ka kashe fitila, ka jingina wayarka a kan tebur cikin tarkace, kyamararta tana kallonka. Ɗora 'yar tagar a idonka, ka kunna fitilun. Za ka ga wani ɗigo ja mai ƙyalli yana dawo maka da haske, idon kyamarar kenan, ko da wayar a kashe take. Yanzu ka huda kwali da allura ka rufe idon da shi, ka sake nema. Ka matsa gefe taku biyu, za ka ga ɗigon ya ɓace, domin sai kana fuskantar idon sosai yake dawo da haske. Daga nan ka ba ƙaninka ko ɗanka wayar ya ɓoye ta a falo, kai kuma ka nemo. Kan ƙusa zai yaudare ka, gilashin agogo zai yaudare ka, har dutsen adon labule. Nasu ƙyallin yana da faɗi kuma yana yawo in ka motsa, na kyamara kuwa ƙarami ne, a tsaye wuri ɗaya. Ka yi wannan dare uku ko huɗu kafin ka je binciken ɗakin kowa.

Mataki na uku: binciken ɗakin

Fara da idonka. Zauna a bakin gado ko ka tsaya a banɗaki, ka duba me ke kallonka. Kyamara tana buƙatar gani kuma tana buƙatar wuta, don haka soket, da caja da ba taka ba, da dikoda, da agogo, da ramin silin su ne na farko.

Sannan ka kashe duk kayanka, waya, agogon hannu mai Bluetooth, MiFi, kwamfuta. Tsaya tsakiyar ɗaki ka murɗa ƙarfin ji ƙasa har ta yi shiru, musamman in gidan yana kusa da ƙarfen sabis. Bi bango a hankali. In fitilu suka hau, ƙara rage ƙarfin ka matsa, ka sake ragewa, har wurin ya tsuke ya zama kamar tafin hannu. Ɗalibar nan ta Samaru da na ambata ta zo tana kuka, ta ce, "Baba, a saitin gadona take ihu," har ta shirya zuwa ta tuhumi mai kula da gidan. Da muka je muka rage ƙarfin, sai muka ga ƙarar ba ta tsukewa wuri ɗaya, ta bazu a bangon. MiFi ɗin maƙwabciyarta ne a kan tebur ta bayan bangon. Da an kashe shi ɗaki ya yi tsit. Saura kaɗan ta zubar wa bawan Allah mutunci a banza.

Ɗauke wuta ma yana da amfani a nan. In NEPA suka ɗauke ƙarar ta tsaya, abin da ke yin ta yana jikin wutar NEPA ne, a gidan ko a maƙwabta. In ta ci gaba, mai batir ne ko daga waje yake zuwa.

Kashe fitila ka bi ɗakin da jajayen fitilu daga kusurwa huɗu, a tsaye da kuma a durƙushe. Kyamarar gaban wayarka ma tana iya ganin hasken da kyamarori masu gani a duhu ke fitarwa. Gwada ta da rimot ɗin talabijin tukuna, in ka danna ka ga ɗigo yana walƙiya a fuskar wayar, to za ta yi aiki. In kana kan waifai na masaukin, manhajar Fing tana nuna na'urorin da ke kansa. A mota kuwa, bi ƙarƙashinta da bayan bamba da ɓangaren maganaɗisu.

In ka samu abu, kada ka fasa shi, kada ka cire memorin. Ɗauki hotonsa a inda yake, rufe shi da tsumma, ka kira shaida ya gani, ka kwashe kayanka ka kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa da gidansa da maganganunsa na waya. In kuma magana ce ta manyan kuɗi ko shari'a, ƙaramar na'ura ba za ta wadatar ba. Ƙwararru suna da wadda ke gano kayan lantarki ko a kashe suke, amma kuɗinta dubban daloli ne, sai dai ka ɗauko mai ita ya zo ya duba maka. Kafin ya iso, ku fita tsakar gida ku yi maganar, wayoyinku kuma ku bar su a ɗaki.