Yadda Ake Neman Kuɗin Binciken Haɗin Gwiwa Tsakanin Jami'ar Najeriya da ta Jamus

Malaman jami'o'inmu da yawa suna fara neman tallafin bincike na ƙasashen waje ne daga inda ya kamata a ƙare. Sai sun ga sanarwa saura 'yan makonni a rufe, sannan su shiga cigiyar wani farfesa a Turai da zai yarda a sa sunansa a takarda. Irin wannan nema da wuya ya kai ga nasara, idan ma ya kai, ɓangaren Najeriya ne yake ƙarewa a matsayin mai tattaro samfuri da cike fom, alhali kuɗi da na'urori da sunan aikin suna can wata ƙasa. Na zaɓi Jamus a wannan bayani domin tsarinta a fayyace yake, kuma tana da daɗaɗɗen tarihin aiki da jami'o'in arewacin Najeriya, wanda za a iya koyon darasi daga gare shi.

Abin da ya wajaba a fara fahimta shi ne wanda yake da ikon miƙa takardar neman kuɗin. Babbar hukumar da take ɗaukar nauyin bincike a Jamus ita ce DFG, mai hedikwata a birnin Bon, wadda take raba sama da Yuro biliyan 3 a kowace shekara. A ƙa'idarta, mai binciken da yake aiki a wata cibiya ta Jamus shi ne yake nema, kuma cibiyarsa ce take karɓar kuɗin. Sai dai akwai tanadi na musamman game da ƙasashe masu tasowa, wanda ya ba Bajamushen damar ya nemi kuɗin da za a kashe a ɓangaren abokin aikinsa, kamar albashin ɗaliban digirin digirgir, da kayan ɗakin gwaje-gwaje, da kuɗin fita fage. Ma'anar wannan ita ce rabon da malamin Kano ko Zariya ko Sakkwato zai samu ya dogara kacokan a kan abin da aka rubuta cikin takardar kafin a miƙa ta. Abin da ba a rubuta ba a lokacin, da wuya a same shi daga baya, komai kyawun zumuncin da ke tsakani.

Saboda haka aikin farko shi ne samun abokin aiki na gaskiya, kuma wannan yana cin watanni. DFG tana da rumbun bayanai a intanet mai suna GEPRIS, inda kowa zai iya duba ayyukan da ta ɗauki nauyinsu da sunayen masu gudanar da su. Mai neman aboki ya bincika fanninsa a can, ya ware mutum uku ko huɗu waɗanda tambayoyinsu suke kusa da nasa, ya karanta maƙalunsu na baya-bayan nan da idon basira, sannan ya rubuta wa kowannensu wasiƙa tasa daban. Wasiƙar ta kasance gajera, ta ambaci takamaiman aikin mutumin da aka karanta, ta faɗi tambayar da ake son a bincika tare, ta kuma bayyana abin da ɓangaren Najeriya yake da shi wanda babu shi a Jamus. Wannan na ƙarshe shi ne mutanenmu suka fi raina wa, alhali shi ne ƙarfinsu. Likitan da yake ganin masu cutar sikila kullum a asibitin koyarwa, da masanin noma da yake da gonar gwaji da irin gero da dawa na gida, da masanin harshe da yake zaune cikin masu magana da wani harshe na dangin Chadi, wato dangin Hausa, da ba a rubuta nahawunsa ba, kowannensu yana riƙe da abin da kuɗi kaɗai ba ya samarwa. Wasiƙar da ta fara da roƙon taimako tana sa mai ita a matsayin mabuƙaci tun daga ranar farko, kuma matsayin yakan bi shi har ƙarshen aikin.

Idan an sami amsa mai kyau, shawarata ita ce kada a zabura zuwa babban tallafi. Akwai ƙananan hanyoyi da aka tanada musamman domin a san juna. DFG da haɗin gwiwar TWAS, cibiyar bunƙasa kimiyya a ƙasashe masu tasowa da ke Trieste a Italiya, suna ɗaukar nauyin ziyarar wata uku zuwa Jamus ga masu bincike na Afirka kudu da Sahara waɗanda ba su daɗe da kammala digirin digirgir ba, kuma babban sharaɗinta shi ne takardar gayyata daga mai masauki. DFG tana kuma da tallafin soma haɗin gwiwa na tsawon shekara ɗaya, wanda ake biyan kuɗin taron bita da ziyarce-ziyarce da shi. Gidauniyar Humboldt ta Jamus tana da shirin ɗaukar nauyin zaman bincike a Jamus mai suna Georg Forster ga masu bincike daga ƙasashe masu tasowa, daga wata 6 zuwa 24 ga waɗanda ba su daɗe da kammala digirin digirgir ba, kuma wanda ya taɓa cin gajiyarsa yana iya neman tallafin haɗa sashensa da wani sashe a Jamus, har Yuro 55,000 cikin shekara uku. DAAD, hukumar musayar malamai da ɗalibai ta Jamus, ita ma tana da shirye-shiryen ƙawance tsakanin jami'o'i, waɗanda suka fi karkata ga koyarwa da horar da ɗalibai. Amfanin waɗannan ƙananan tallafi ya wuce kuɗin da ke cikinsu, domin daga gare su ake fitar da maƙala ta haɗin gwiwa da sakamakon gwajin farko, waɗanda su ne hujjar da masu tantancewa suke nema idan aka zo babban nema. A cikinsu ne kuma mutum yake gane ko abokin nasa mai sauraro ne, ko kuwa mai neman ɗan aike ne.

Tarihi ya nuna abin da haɗin gwiwa mai tushe yake iya haifarwa. Daga 1988 zuwa 2002 DFG ta ɗauki nauyin wani babban shiri na Jami'ar Frankfurt tare da Jami'ar Maiduguri da ta Wagadugu a Burkina Faso, a kan tarihin al'adu da harsuna da muhallin yankin sabana na Afirka ta Yamma. A ƙarƙashinsa ne aka tono kwalekwalen Dufuna a ƙaramar hukumar Fune ta jihar Yobe, wanda wani makiyayi ya ci karo da shi a 1987 yana haƙar rijiya. Tsawonsa ya haura mita 8, shekarunsa sun kai kimanin 8,000, kuma shi ne jirgin ruwa mafi tsufa da aka sani a Afirka. Bayan haka jami'ar ta Frankfurt ta shiga binciken al'adun Nok, tsohuwar al'ummar tsakiyar Najeriya da aka sani da gumakan yumɓu, tun daga 2005, tare da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Wannan aikin ya ƙara ilimi ƙwarai, amma ya gamu da ƙorafi a bainar jama'a daga wasu masanan kimiyyar tonon kayan tarihi na Najeriya a kan fitar da kayan tarihi zuwa Jamus da kuma gwargwadon rawar da 'yan ƙasa suke takawa. Ba sai an yanke hukunci a kan wanda yake da gaskiya ba kafin a ɗauki darasin: duk abin da ya shafi fitar da kaya, da ranar dawo da su, da wanda zai yi nazarinsu, a rubuta shi dalla-dalla kowa ya sa hannu kafin a fara.

Wannan ya kawo mu ga rubuta takardar neman tallafin, inda na fi son mai karatu ya tsaya. Tambayar binciken a tsara ta tare, kada ɓangare ɗaya ya rubuta ya aiko a sa hannu. A raba aikin kashi-kashi, kuma aƙalla kashi ɗaya mai nauyin tunani, wato nazarin bayanai da fitar da sakamako, ya kasance ƙarƙashin jagorancin ɓangaren Najeriya. Masu tantancewa a yau suna lura da wannan, domin hukumomin Turai sun daɗe suna shan suka a kan binciken da ake zuwa a kwashi bayanai a tafi, kuma takardar da ta nuna jagoranci na gaske daga ɓangarorin biyu ta fi samun karɓuwa. A yi maganar jerin sunayen marubuta maƙala tun yanzu, duk da nauyin bakin da ke tattare da ita. Kunyar da take hana mutum tambayar inda sunansa zai zo ita ce take sa ɗalibin da ya yi damina biyu a ƙauye yana tattara bayanai ya tsinci sunansa a sashen godiya kawai.

Kasafin kuɗi yana buƙatar zama na musamman da ofishin ma'ajin jami'a kafin a aika da ko lamba ɗaya. Wanda ya tsara kasafinsa da Naira a farkon 2023, lokacin da Dala take wajen Naira 460 a farashin hukuma, ya ga abin da ya faru bayan an saki darajar Naira a watan Yunin shekarar, har Dala ta haura Naira 1,500 a 2024. Don haka a rubuta komai da Yuro, a kuma tambayi ma'aji a rubuce ko a wane asusu kuɗin zai sauka, ko za a iya ajiye shi da kuɗin waje, da kuma tsawon lokacin da fitar da shi yake ɗauka. A sa kuɗin lantarki na gaskiya, ko man janareto ko na'urar hasken rana da batura, domin firjin ajiyar samfuri ba ya jiran a dawo da wuta. A sa kuɗin fito da kaya daga kwastan, da na gyaran na'ura bayan an saye ta, da na horar da wanda zai riƙa sarrafa ta. Ya kamata a san cewa DFG tana ƙara kashi 22 cikin 100 a kan tallafinta domin hidimomin gudanarwa, kuma cibiyar da ta karɓi tallafin a Jamus ake biya, saboda haka duk wata hidima da jami'ar Najeriya za ta yi wa aikin sai an fito da ita fili a matsayin kuɗin aiki kai tsaye. Idan sashen zai iya kawo nasa gudummawar, misali daga tallafin bincike na TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, to muryarsa a teburin shawara takan ƙara ƙarfi.

Batun tsaro ma a faɗe shi yadda yake. A watan Fabrairun 2017 an sace Jamusawa biyu masu binciken Nok a ƙauyen Janjala na ƙaramar hukumar Kagarko a jihar Kaduna, aka kashe mutum biyu 'yan yankin da suka yi yunƙurin cetonsu, kafin a sako Jamusawan bayan 'yan kwanaki. Gwamnatin Jamus tana gargaɗin 'yan ƙasarta game da tafiya sassa da yawa na arewa, kuma jami'o'insu sukan bi gargaɗin. Wannan yana nufin aikin fage zai faɗo ne a kan malaman gida da ɗalibansu, don haka inshorarsu, da motar da za su shiga, da alawus ɗinsu, da wurin da za a koma idan wurin farko ya gagara, duk su shiga takarda. Ran ɗalibin Najeriya bai fi na baƙo arha ba, kuma kasafin da ya manta da hakan bai cancanci sa hannun shugaban sashe ba.

Izini iri-iri ne, kuma kowanne yana da lokacinsa. Binciken da ya shafi mutane yana buƙatar amincewar kwamitin ɗa'ar bincike na asibiti ko na jami'a, a ƙarƙashin ƙa'idojin kwamitin ƙasa na ɗa'ar binciken lafiya, wato NHREC. Fitar da jini ko iri ko ƙasa zuwa waje yana buƙatar yarjejeniyar miƙa samfuri, kuma idan tsirrai ne ko ƙwayoyin halitta, Jamusawa za su tambayi yadda aka bi Yarjejeniyar Nagoya ta ƙasa da ƙasa kan amfani da albarkatun halittu da raba ribarsu, wadda ta fara aiki a 2014 kuma ta ɗaure su. Bayanan mutane suna ƙarƙashin dokar kare bayanai ta Najeriya ta 2023 da kuma ta Tarayyar Turai. Tono da fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi. Idan ana sa ran aikin zai haifar da wata ƙirƙira da za a iya sayarwa, kamar sabon iri ko na'urar gwajin cuta, a tuntuɓi ofishin haƙƙin mallakar fasaha na jami'a, da NOTAP, hukumar ƙasa mai kula da samo fasaha da bunƙasa ta, idan ta kama, a rubuta rabon mallaka tun ƙirƙirar ba ta da farashi, domin a lokacin ne yarjejeniya take da sauƙi. Takardar fahimtar juna da shugabannin jami'o'i suke sa wa hannu a gaban 'yan jarida ba ta wadatar a nan. Abin da ake buƙata shi ne yarjejeniyar wannan aiki takamaimai, wadda lauyoyin jami'o'in biyu suka duba.

Bayan an miƙa takarda, hukunci yakan ɗauki wata shida ko fiye, kuma yawancin takardun da ake miƙawa ba sa samun kuɗi a karon farko. Ana aiko da ra'ayoyin masu tantancewa, don haka a nemi abokin aiki ya turo su cikakku, a zauna a kansu tare, a gyara a sake nema. Idan kuwa an dace, a nemi ranar ganawa ta biza nan take, domin jiran yakan yi tsawo, kuma zaman da ya wuce kwana 90 yana buƙatar biza ta daban da ta gajeriyar ziyara. A naɗa mutum ɗaya a sashen wanda aikinsa shi ne adana rasit da takardun biya tun daga kuɗin farko da ya shigo, domin Jamusawa suna bin kowane Yuro da takarda, kuma rahoton kuɗi da ya makara daga ɓangare ɗaya yana iya tsayar da kason gaba na ɓangarorin biyu.