Ziyarar matatun wiski a Sikotland: kurakuran da baƙi suka fi yi, da gyaransu

Duk wanda ya zauna a Aberdeen, ko karatu ya kawo shi ko aikin mai, wata rana sai wani abokin aiki ya ce masa, "Ranar Asabar za mu Speyside, ka zo mu je." Tafiyar awa ɗaya ce da 'yan mintoci a mota, kuma a wannan kwari na kogin Spey akwai matatun wiski kusan hamsin. Ni ba na sha, amma na sha raka baƙi irin wannan ziyara, masu sha da marasa sha, kuma kurakuran da nake gani kusan iri ɗaya ne kullum. Tushensu guda ne: mutum ya ɗauka mashaya za shi, alhali masana'anta ce mai aiki, da wuta da tururi da ma'aikata a bakin aikinsu.

Batun ko ya halatta mutum ya shiga wurin ba nawa ba ne. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya ce ba zai je ba, babu wanda zai ga baƙinsa. Kuskuren shi ne mutum ya amsa gayyata don kunya, ya yi shiru har a ajiye masa kofi a gaba, sannan ya fara kame-kame. A faɗa tun wajen yankan tikiti, a kuma sake faɗa wa ɗan jagora kafin a fara zagaye. Sun saba, domin kusan kowace tawaga da direbanta, shi ma ba zai sha ba. Wasu wuraren suna ba direba rabonsa a 'yan ƙananan kwalabe ya tafi da shi gida. Idan ba ka so, ka ce ba ka so, magana ta ƙare.

Sai rashin sanin abin da aka je gani. Mutane da yawa sun ɗauka "singil malt" yana nufin wiskin da ya fito daga ganga guda, ko kuwa wata alama ce ta tsada. Ba haka ba ne. Dokar wiski ta Sikotland ta 2009 ta fayyace shi: dole a yi shi da tsiron sha'ir da ruwa da yis kawai, a matata guda, a tace shi a tukwanen jan ƙarfe, ya kwana a gangar itacen ok aƙalla shekara 3 a cikin Sikotland, gangar kada ta wuce lita 700, kuma ƙarfin barasarsa a kwalba kada ya gaza kashi 40 cikin ɗari. "Guda" ɗin, wato "singil", na matata ne. Kwalba ɗaya tana iya ɗauke da haɗin ganguna masu yawa, kuma lambar da aka rubuta a jikinta, 12 ko 18, shekarun mafi ƙuruciya ne a cikin haɗin. Wanda ya shiga da wannan a kansa, bayanin ɗan jagora zai zauna masa daram. Wanda bai sani ba kuwa, rabin lokacinsa zai tafi wajen warware ruɗani.

Abin da ya fi burge ni shi ne matakin farko, kuma shi ne baƙi suka fi wucewa a guje. Ana jiƙa sha'ir kwana biyu zuwa uku, a baza shi ya tsira, a busar da shi kafin tsiron ya cinye zaƙin da ke cikin ƙwayar. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake jiƙa dawa a rufe ta har ta yi tsiro ya riga ya san wannan ilimi, hatsin ne kawai ya bambanta. To amma a nan akwai tarko. Yawancin matatu sun daina yin tsiro da kansu, sayowa suke daga manyan kamfanoni. Rufin nan mai tsini kamar hula na ɗakin busar da tsiro da ake gani a hotuna, wanda mai zanen gine-gine Charles Doig ya fara zanawa a matatar Dailuaine a 1889, a wurare da yawa ado ne kawai yanzu, babu hayaƙin da ke fita ta cikinsa. Idan kana son ka ga sha'ir a baje a ƙasa ana juya shi da shebur, sai ka zaɓi inda har yanzu ake yi: Balvenie a Dufftown, Springbank a Campbeltown, Highland Park a Orkney, ko Bowmore da Laphroaig da Kilchoman a tsibirin Islay. Na taɓa kai wani baƙo masanin noma wata matata ba tare da na bincika ba. Abin da ya zo gani ke nan, sai aka nuna mana hoto a bango. Har yau abin yana damuna, domin tambaya ɗaya a waya da ta wadatar.

Wannan ya kai mu ga lokaci. Kusan kowace matata tana da makonnin da take kashe wuta don gyara, galibi a lokacin zafi, lokacin da ruwan ƙoramu ke raguwa, wanda kuma shi ne daidai lokacin da baƙi suka fi yawa. Ana iya karɓar kuɗinka a zagaya da kai, amma tukwane a sanyaye, babu ƙamshi, babu motsi. Ka tambaya kai tsaye ko suna aiki a ranar da za ka zo. Haka nan zamanin da mutum zai tsaya a ƙofa ya ce a shiga da shi ya kusa wucewa. Tawagar zagaye ba ta da yawa, wuraren da suka yi suna sukan cika makonni kafin ranar. Lokacin bikin Spirit of Speyside a farkon Mayu, da bikin Fèis Ìle na Islay a ƙarshen Mayu, har ɗakin kwana sai wanda ya kama tun da wuri. A hunturu kuma wasu suna rage awanni, ga rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu a Disamba.

Kwaɗayin yawa

Akwai mai zuwa da jerin matatu biyar a rana guda. Ba ya yiwuwa, ko ya yiwu ba shi da amfani. Zagaye ɗaya yakan ci awa ɗaya zuwa awa ɗaya da rabi, hanyoyin ƙauye ƙanana ne masu kwana-kwana, kuma idan ka makara ba za a jira ka ba. Ban da haka, matakan iri ɗaya ne a ko'ina, a ta uku za ka ji kana iya karɓar aikin ɗan jagora. Biyu sun isa, amma su zama masu bambanci. A haɗa babba da ƙarama, misali Glenfiddich, wadda William Grant da 'ya'yansa suka gina har ta fara aiki ranar Kirsimeti ta 1887, da wata ƙaramar da ma'aikatanta ba su wuce a ƙirga da yatsu ba. Ko kuwa a ba rabin ranar ga Speyside Cooperage da ke Craigellachie, inda maƙeran ganguna ke kwance tsofaffin ganguna suna sake ɗaure su da guduma, babu ƙusa babu gam. Ga wanda ba ya sha, a ganina babu wurin da ya kai wannan a duk yankin. Sana'ar hannu ce zalla, irin wadda ake shafe shekaru ana koyo a gaban maigida.

Taswira ma tana yaudara. Islay, wanda ake furtawa "Aila", yana kama da kusa da Glasgow, amma sai ka yi tuƙi mai tsawo zuwa Kennacraig, sannan jirgin ruwan CalMac ya ɗauki kusan awa biyu zuwa Port Ellen ko Port Askaig. Mota tana buƙatar a kama mata wuri tun da wuri, iska kuma tana iya hana jirgi tashi. Ba tafiyar je-ka-dawo ba ce. Wanda kwana ɗaya kawai yake da shi ya tsaya kusa: Glenkinchie tana gefen Edinburgh, Auchentoshan da Glengoyne suna gefen Glasgow. Wanda ya isa Islay kuwa, daga Port Ellen akwai hanyar ƙafa ta kusan mil uku da ta bi ta matatun Laphroaig da Lagavulin ta ƙare a ta Ardbeg, ba ya buƙatar mota sam.

Maganar mota ba ta wasa ba ce. Tun Disambar 2014 iyakar barasa ga direba a Sikotland ta koma miligiram 50 a cikin mililita 100 na jini, ƙasa da 80 na Ingila. 'Yan kurɓe-kurɓen ɗanɗano suna iya kai mutum can, musamman da yake wasu abubuwan da ake zubawa kai tsaye daga ganga suke, ƙarfinsu ya haura kashi 55. Direba kada ya taɓa ko ɗigo. Kada kuma a dogara da cewa za a sami tasi a bakin ƙofa, ƙauye ne, sai an yi waya tun kafin. Jirgin ƙasan Aberdeen zuwa Inverness yana tsayawa a Keith da Elgin, kuma Strathisla, wadda ke aiki tun 1786, a cikin garin Keith take, da ƙafa ma ana zuwa daga tasha.

Shiga da turare

Wannan namu ne, shi ya sa zan daɗe a kai. Mu mutane ne masu son ƙamshi, ba ma fita sai mun fesa, wani ma har ya turara kayansa. A ko'ina wannan mutunci ne, amma a ɗakin ɗanɗano cutarwa ce ga sauran mutane. Yawancin abin da suka biya kuɗi don shi da hanci ake yinsa: kofin ma an ƙera shi da baki tsukakke don ya tara ƙamshi. Mutum ɗaya mai turaren oud ya isa ya rufe hancin tawaga duka, kuma mutanen nan ba za su faɗa maka ba, sai dai su matsa gefe. Ranar ziyara a bar turare a gida. Kai ma za ka amfana, domin kowane ɗaki da ƙamshinsa: ɗakin dama tsiro da ruwan zafi kamar ana dama kunu, ɗakin tsima mai tsami-tsami, rumbun ganguna mai sanyi da ƙamshin katako da danshi. Idan a Islay ne, ga hayaƙin fit, wato baƙar ƙasar ruɓaɓɓun tsirrai da ake yankowa daga fadama a busar a ƙona ƙarƙashin tsiro. Daga nan warin hayaƙin wiskinsu ya samo asali.

Sutura kuma ta aiki ake so. Benaye na ƙarfe ne masu ramuka, matakala a tsaye, ƙasa wani lokaci a jiƙe. Silifas da takalmi mai tsini ba su da wuri, wasu matatun ma ba za su bar ka ka shiga da su ba. Babbar riga ko mayafi mai ja a ƙasa na iya maƙalewa, a tattare su. Ɗakin tukwane da zafi, rumbu da sanyi ko a watan Yuli, don haka a riƙe rigar sanyi mai saurin cirewa. Mai zuwa da yara ya tambaya tukuna, wurare da yawa ba sa barin ƙananan yara shiga ɓangaren aiki. Matashi kuma ya riƙe fasfo, domin duk wanda fuskarsa ta nuna bai kai 25 ba ana iya neman shaidar cewa ya kai 18.

Idan aka buɗe murfin babban bahon tsima aka ce ka sunsuna, kada ka zura kai ciki ka ja numfashi. Yis yana fitar da iskar kabon mai yawa, tana bugun hanci kamar mari, tana iya sa jiri. Ka tsaya a baki ka jawo iskar da tafin hannu. Idan kuma aka ce a ajiye waya a ɗakin tukwane ko a rumbu, ba rowar hoto ba ce. Tururin barasa yana kama wuta, abin da ke fita daga tukunya ta biyu kuwa, domin galibi sau biyu ake tacewa, ƙarfinsa yakan kai kashi 70. A wannan ɗakin ne ya kamata ka buɗe ido: dubi tsawon wuyan kowace tukunya da yadda bututunta ya karkata, domin dogon wuya yakan ba da ruwa marar nauyi, gajere ya ba da mai kauri. Dubi akwatin gilashi da tagulla mai kwaɗo, inda ma'aikaci ke ware farkon ruwa da ƙarshensa ya ɗebi tsakiya kawai. Tambayi awa nawa suke barin tsima, tambayi ina dusar take zuwa. A wasu wuraren shanun manoman yankin ne ke cin ta.

Ga masu sha, abin da nake gani suna yi ba daidai ba shi ne zuwa da yunwa da kuma kwankwaɗewa a tashi ɗaya. A ci abinci tukuna. A sunsuna a hankali, a kurɓa kaɗan, a ɗiga ruwa idan ya yi zafi, kuma babu dole a shanye. Kada launi ya ruɗe ka. Duhu yakan fito ne daga irin gangar, wadda ta taɓa ɗaukar giyar sheri ta Sifen ta fi wadda ta ɗauki bobon, wato wiskin Amurka, rina ruwa, kuma doka ta yarda a ƙara ɗan launin karamel. Duhu ba shaidar tsufa ba ne. Tsadar tsoho kuma tana da dalili: kusan kashi 2 cikin ɗari na abin da ke ganga yana bin iska kowace shekara.

Daga ƙarshe zagaye yakan fito da kai ta cikin shago. Wanda zai saya ya tambayi abin da ba a samu sai a wurin, domin kwalbar da ke kowane babban kanti ba lalle ta fi araha a matata ba. Ya kuma yi tunanin hanyarsa ta komawa. Kwalba a babbar jaka take tafiya, a naɗe da tufafi. Idan jirginka zai sauka a Jidda, ko kuwa gidanka a jihar da ta haramta sayar da barasa yake, kamar Kano ko Zamfara, kada ka ɗauko wa kanka rigima, kada kuma ka karɓi saƙon wani ba tare da ka san abin da ke cikin ƙunshin ba. Shagunan suna sayar da zuma da biskit da mayafin ulu, amma a karanta jikin kwalin alewa da kek kafin a biya, domin da yawansu an zuba musu wiski a ciki.